Da birni ya haɗiye ƙauyenmu: aikin tsare unguwa daga gobara a gefen Maraɗi

Mu ba mu yi ƙaura zuwa Maraɗi ba, ita ce ta tako har ta iske mu. Ina yaro ƙauyenmu na da mai gari, da rijiyoyi, da rumbunan hatsi jere can bayan gari, kuma tsakaninmu da gidan ƙarshe na birni akwai gonakin gero da sai ƙafa ta gaji kafin a ratsa su. Yanzu mai gari ya zama mai unguwa, gonakin an yanka su kare-kare an sayar, kuma baƙin da suka gina a kansu sun ninka mu 'yan asali sau da yawa.

Lissafin a bayyane yake. Ƙidayar 1977 ta samu mutum dubu 44 da ɗoriya a birnin Maraɗi. A 1988 sun kai dubu 110, a 2001 dubu 148, a 2012 kuwa dubu 267. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa a jihar Maraɗi mace ɗaya kan haifi 'ya'ya sama da takwas a rayuwarta, ga kuma masu shigowa daga karkara da 'yan kasuwa. Yamma Gulbi ya tare hanya, shi ne ma ya ci tsohon garin a ambaliyar 1945 har aka hau tudu aka sake zama. Don haka birnin sai ya riƙa miƙewa ta sauran ɓangarorin, gidaje na ta gangarawa wajen Tibiri da Jiratawa. A 2010 aka ba Maraɗi matsayin birni mai gundumomi uku. Mu dai wata rana muka wayi gari takardun harajinmu sun sauya kai.

Abin da ba wanda ya lura da shi a lokacin shi ne, ƙauye na da nasa tsarin kashe gobara, ko da ba a rubuce yake ba. Rumbu ba a gina shi a jikin ɗaki. Kowane gida da randa cike. In wuta ta tashi, ihu ɗaya ya isa, domin kowa ya san muryar kowa, ya san gidan da tsohuwa ba ta iya tafiya, ya san inda yara ke kwana. Samari kan ruga su tuge danni da zanan gidan da ke gaba don a yanke wa wuta hanya, ba a tsaya neman izinin mai gida ba, shi ma ba ya jin haushi. Duk wannan ya watse cikin 'yan shekaru. Rumbuna suka dawo cikin gida tunda bayan gari ya zama filin wani. Rijiyar gabas aka cike ta da shara. Sababbin maƙwabta suka ja katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, wani ma har ya shekara ba ka san ko mutum nawa ke ciki ba. Sannan abubuwan da wuta ke so suka ƙaru: butel ɗin gaz, wayar lantarki da aka jawo daga gidan maƙwabci ta bisa katanga, da jarkokin fetur na 'yan ruwa-ruwa. Tsohon tsari ya mutu, na birni kuma bai kai ga isowa ba, mu muna tsakani.

Wani hunturu wuta ta kama a ɗakin wani yaro mai sayar da fetur a kwalba, can cikin tsohon gari. Jama'a suka yi abin da suka gada, suka kwara ruwa. Fetur ya fi ruwa sauƙi, sai ya hau bisansa ya malalo tsakar gida da wutarsa. Wani ya kira 18, lambar pompiye, wato masu kashe gobara. Aka tambaye shi ina ne, ya ce bayan masallacin Alhaji, a unguwar da masallacin Alhaji ya fi goma. Pompiye sun zo, kuma sun yi aiki tuƙuru, amma sai da suka yi ta kewaye, sannan motar ta tsaya a bakin lungu don ba ta iya shiga. Ana cikin aiki ruwanta ya ƙare, ta juya gari ɗebo wani. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Ɗakuna da rumbu biyu dai sun tafi. Aka yi jaje, aka ce ƙaddara ce, aka watse.

Ranar 8 ga Nuwamba 2021 ce ta hana mu ci gaba da cewa hakan. A ranar azuzuwan zana suka kama wuta a wata makaranta a nan cikin Maraɗi, yara aƙalla 25 'yan shekara biyar zuwa shida suka rasu. Watanni bakwai kafin nan, a Afrilu, irin wannan ta ci yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar, gwamnati ta hana sa yara 'yan rainon makaranta a ajin zana. Makarantar unguwarmu, inda nake koyarwa, rabin azuzuwanta na zana ne, saboda dalilin da kowa ya sani: yara na ƙaruwa kowace shekara, ginin siminti ba ya ƙaruwa. Mai unguwa ya tara mu bayan la'asar ya ce gemun ɗan'uwa ya kama wuta, lokacin shafa wa namu ruwa ya yi. Aka kafa kwamiti. Da yake ni malami ne aka miƙa mini biro da littafi.

Muka fara da zuwa wurin pompiye ɗin kansu. A Nijar sojoji ne, amma shef ɗin da ya karɓe mu bai yi mana muzurai ba. Na je da niyyar tambayar yaushe za a buɗe mana ofishi a kusa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfina. Amma gaya mini, in na taso yanzu, ta ina zan shiga unguwarku, wa zai tarbe ni, kuma ina zan sha ruwa?" Ni da mai unguwa muka dubi juna.

Bayanin da ya yi mana shi ne ginshiƙin duk aikin da muka yi daga baya. Motar kashe gobara irin wadda aka saba gani na ɗaukar ruwa wajen lita dubu uku. Tiyo ɗaya in aka buɗe shi sosai yana zubar da lita ɗari biyar a minti. Ke nan minti shida, tanki ya zama wayam. Faɗin motar ya kai mita biyu da rabi, nauyinta da ruwa ya haura tan goma, don haka yashin da kabu-kabu ke ratsawa yana wasa ita nutsewa take yi a cikinsa. Kuma ba gobara kaɗai ke gabansu ba. Su ake kira in mota ta yi hatsari a hanyar Ɗan Isa ko ta Damagaram, su ake kira in yaro ya faɗa rijiya, ko gini ya rufta. Kwana ɗaya kafin gobarar makarantar, ranar 7 ga Nuwamba, ramin zinariya ya rufta kusa da Ɗan Isa ya kashe mutum 18. Jiha ɗaya, masifa biyu, kwana biyu a jere. Duk unguwar da aka ƙara wa birni an ƙara wa mutanen nan nisa da kira, ko an ƙara musu mota ko ba a ƙara ba.

Muka koma muka yanki igiya mai tsawon mita huɗu. Yara biyu suka kama bakinta, muka riƙa bin titi-titi. Inda igiya ta wuce a miƙe, mota za ta wuce. Inda ta lanƙwashe, na rubuta.

Littafin ya cika da wuri. A sabon lotisma, wato gonakin da aka yanka aka sayar, wanda a takarda titunansa masu faɗi ne, mutane ne suka cinye su. Wannan ya fito da dakali, wancan ya kafa rumfar shago, wani ya haƙa ramin ruwan wanka a waje ya rufe da itace da ƙasa, wanda mota mai tan goma in ta taka sai dai a nemi wata ta ciro ta. Ga tulin yashi da bulo na gidajen da aka fara ginawa aka bari shekara da shekaru. Ga wayoyin lantarki da suka yi ƙasa har babbar mota ba ta wucewa sai ta tsinke su. Waɗannan da lallashi da kunya aka ci galabar yawancinsu. Mun gano cewa in limami ya faɗa ranar Juma'a, sannan mai unguwa ya aika, sannan muka je mu uku ba ni kaɗai ba, mutum kan kwashe yashinsa. Wani Alhaji ya ce dakalinsa ba ya tsare kowa, sai da muka ja igiyar a gabansa da gaban abokan hirarsa. Bai ce kome ba. Bayan sati aka ga magina.

Tsohon gari ne ya gagara, kuma har yau ban ga laifin kowa ba. Lungunansa an yi su ne don jaki da mai tulu. Masu auna fili sun kewaye shi, sun bar shi a tsakiya yadda yake. Faɗaɗa lungu ɗaya na nufin rushe zauren da kakan mutum ya gina. Ƙanen mahaifina na cikin waɗanda abin ya shafa. Na durƙusa na ce, "Kawu, taku biyu kawai muke roƙo daga katangar nan." Ya ce, "Ɗana, gonarmu sunka amshe, munka yi shiru. Yanzu zauren ubana kaka so?" Ban sake ɗaga maganar ba. Abin da muka samu a ƙarshe shi ne mashiga biyu, ɗaya ta kudu ɗaya ta gabas, inda mota za ta matso har tiyo ya kai yawancin gidaje. Ta gabas ɗin wata tsohuwa ce ta ba da ita, ta ce a ja dangarta baya, ita ba ta da abin da za ta kai kabari.

Maganar kwatance ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi saurin amfani. Titunanmu ba su da suna, gidaje ba su da lamba. Muka zaɓi wurare huɗu a bakin babbar hanya waɗanda ba a ɓata su, muka kai wa pompiye zanen da na yi da hannu. Duk wanda ya kira 18 zai faɗi unguwa, ya faɗi wurin tarba mafi kusa, ya faɗi abin da ke ci, ko akwai mutum a ciki, ko akwai gaz ko fetur, kuma kada ya kashe wayarsa ko ya shiga kiran dangi. 'Yan kabu-kabu na tashar unguwa suka ɗauki nauyin tarba: ɗaya zai tsaya a bakin hanya ya shige gaban motar. Samarin nan da ake yi wa kallon marasa kan gado, su suka fi kowa riƙe alkawari.

Ruwa shi ne ciwon da bai warke ba. Bututun da ya iso mana siriri ne, mu ne a wutsiyar layi, da rani sai tsakar dare pampo ke tsiyaya. Bakin ruwan da motar kashe gobara ke sha a titi yana son babban bututu, mai faɗin milimita 100 ko fiye, da ƙarfin turi, abin da ba a sa mana ba tun farko. Muka duba abin da ke hannu. 'Yan ga-ruwa: kura ɗaya mai jarka goma ta lita 25 ta ɗauko lita 250, ke nan sai kura goma sha biyu ake cika mota ɗaya. Ba su isa su ciyar da tiyo ba, amma sun isa su jiƙa zana da rufin maƙwabta kafin mota ta zo, kuma muka yi yarjejeniya da shugabansu cewa in an yi ihu su juyo da kurarsu, kwamiti zai biya. Sai masu foraj, wato rijiyar burtsatse, a gida. Alhazai biyu suka yarda a buɗe ƙofarsu kowane lokaci. Muna ta murna, sai ga Agustan 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, kuma Maraɗi daga layin Katsina take sha. Foraj mai aiki da lantarki ya zama kwalliya, tankunan suka yini babu ɗigo. Na ɗayan, mai faranti na hasken rana, shi kaɗai ya tsaya. Tun daga nan in muna lissafin ruwan gobara, wanda ke bisa tanki muke ƙirgawa, ba wanda ke ƙarƙashin ƙasa ba.

Akwai abin da mu maza ba mu gani ba sam sai da mata suka faɗa. Da rana, lokacin girki, lokacin da wuta ta fi tashi, maza na kasuwa. Mata da yara da tsofaffi ne a gida. Matata ta ce mini kwamitin da babu mace a cikinsa kwamitin dare ne. Aka shirya zama a gidan ungozomar unguwa, wadda kowa ke ce wa Inna, wata ma'aikaciyar lafiya ta zo. Nan aka koyi cewa man girki in ya kama, murfi ake kifa masa, ba ruwa ba. Fetur kuma yashi. In an ji warin gaz, a rufe kan butel, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. In wutar ta waya ce, a fara kashe mita. Su kuma suka kawo nasu: gidaje da yawa mai gida kan fita ya datse ƙofar waje da kwaɗo ya tafi da mabuɗi, tagogi kuma duk ƙarfe ne saboda ɓarayi. Inna ta ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, wanda ya kulle iyalinsa ya tafi da makulli, in wuta ta tashi wa za a tambaya?" Wannan maganar ta fi ta dakali zafi, don ta taɓa abin da maza ba su son a taɓa. An dai samu da yawa sun yarda su bar mabuɗi na biyu a cikin gida.

Su ne kuma suka ce a haɗa da maganar naƙuda da rashin lafiyar dare. Motar asibiti na fama da yashi da kwatance iri ɗaya da ta pompiye. Muka rubuta masu mota da masu adaidaita da suka yarda a tashe su, muka manna lambobinsu a masallatai da gidan Inna. Kowane gida na zuba dala ashirin a wata don mai da kuɗin 'yan ga-ruwa. Ba kowa ke biya ba. 'Yan haya kan ce su ba mazauna ba ne, masu gidan kuma suna Yamai ko Kano.

Wani abu da ya ci mana lokaci shi ne iyaka. Unguwar a ido ɗaya ce, amma a takarda wani yanki na cikin birni, wani yana ƙasar ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka. Pompiye ba su tambayar wannan, wuta ma haka. Amma ranar da muka nemi a zuba jar ƙasa a hanyar da motar za ta bi, wasiƙarmu ta yi ta yawo, nan a ce ba hurumin nan ba ne, can a ce mutanen ai 'yan birni ne. A ƙarshe da kuɗin asusu da gudunmawar wani mai tipa muka zuba inda ya fi muni. A ganina tushen matsalar na cikin yadda ake faɗaɗa gari. Kuɗin fili sau ɗaya ake karɓarsa, ranar sayarwa. Hanya, da bututu, da aji, da motar kashe gobara da man da za ta sha, kowace shekara suke cin kuɗi. Wanda ya yanka gona ɗari ya ga riba a hannu, nauyin kuma ya faɗa kan waɗanda za su zo bayansa. Filayen da aka ware don makaranta da likita ma, in ba a sa ido ba, sai a wayi gari an kafa musu turaku.

Shi ya sa da mutanen wani ƙauye da ke gaba da mu suka zo neman shawara, masu auna fili sun fara shiga gonakinsu, ban ba su labarin bokiti da yashi ba. Na ce su nemi ganin zanen tun yana takarda. Su tabbatar akwai hanya mai faɗi aƙalla biyu da ta shiga har cikin tsohon garinsu, a sasanta da masu gidajen tun ana rabon filayen diyya, lokacin da mutum zai iya sakin taku biyu ya karɓi wani abu a madadinsa. Su san filayen da aka ware wa jama'a, su dasa itace a kewayensu, su sa yara su riƙa ƙwallo a ciki don kowa ya san da mai shi. Su roƙi babban bututu tun kafin a binne ƙarami. Kuma kada su cike rijiyarsu. Duk abin da muka yi shekaru muna roƙo da durƙuso, su za su iya samunsa da sa hannu ɗaya in sun yi magana yanzu.

Ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya nuna mana ɗaya fuskar abin. Milimita 150 suka zuba a Maraɗi cikin kamar sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. Da can gonakin da ke kewaye da mu ke shanye ruwan sama. Yanzu kwano da siminti ne, duk abin da ya sauka titi yake bi. Hanyar da muka zuba wa jar ƙasa ta zama korama, ta yanke gida biyu, kuma a daren ba motar da za ta iya shigowa ko da ta samu sarari, alhali gari duka na kira. Lambobin da muka manna don gobara da naƙuda su aka yi ta bugawa. 'Yan kabu-kabu suka bar babura suka bi gida-gida da tocila, suka fitar da tsofaffi daga ɗakunan ƙasa zuwa makaranta. Littafina ya yi amfanin da ban yi masa tsammani ba, don a ciki akwai gidajen da ke da wanda ba ya iya tafiya.

A makarantar, ƙananan yara sun koma ɗakunan siminti, manyan ne ke cikin zana. Mun raba azuzuwan zanan nesa da juna, kowanne da ƙofa biyu, mun kori masu tuya daga jikin danga, akwai durom na ruwa da bokitan yashi, kuma sau ɗaya a zango ana busa usur yara su fita a jere. Wasu iyaye na cewa ɓata lokacin karatu ne. Takardar neman bakin ruwa a babbar hanya tana nan inda muka kai ta, muna leƙawa. Igiya kuma dole a sake jan ta kowace shekara bayan damina, don titin da aka share bara bana wani ya saye gidan, bai san da maganar ba. Zagayen da muka yi na baya-bayan nan ya turo mana sabon shagon cajin waya da aka kafa daidai bakin mashigar kudu, kuma mai shi jikan mai unguwa ne. An sa maganar a zaman Juma'a mai zuwa.